Babi na Shida: Nasabar Ƙaguwa da Shaidar Duwatsun Kwarin Rima

Duk manomin shinkafa da ke sauka daga tudun Gwadangaji zuwa fadama bayan ruwa ya fara janyewa, da duk masuncin da ya taɓa zazzage homa a gaɓar Matan Fada ta Argungu, ya san ƙaguwa sani na ido: ya san ramukanta a gefen gulbi da jikin kunyoyi, ya san yadda takan ɗaga hannuwanta biyu ta ja da baya a karkace idan an rutsa ta. Amma da za a tsayar da shi a tambaye shi yadda aka yi wannan halitta ta zauna a nan, alhali mafi yawan danginta a cikin teku da bakinsa suke, kuma tsakaninmu da teku akwai tafiyar fiye da kilomita 600, da sai ya ce ikon Allah ne, ya kuwa faɗi gaskiya; sai dai ikon Allah yana tafiya bisa sababai da Ya shimfiɗa, kuma bin sawun waɗannan sababai shi ne aikin wannan babi.

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin wanda ya ɗan leƙa makarantar zamani ita ce, ai wannan ƙasa tamu a dā teku ce, da tekun ya janye sai ya bar ƙaguwa a baya, ta haƙura da ruwan daɗi tun da na gishiri ya ƙare. Rabin farko na wannan magana tabbatacce ne, domin duwatsun Dukamaje da Dange da Kalambaina sun shaide shi shaidar da ba ta karɓar jayayya. Rabi na biyu kuwa, duk da daɗin da yake da shi a kunne, hujja ba ta tsaya masa ba, kuma a ganina ya fi dacewa mai karatu ya san dalilin da ya sa ba ta tsaya ba, da a miƙa masa zance mai santsi wanda ba shi da tushe. Kafin mu kai ga duwatsu dole mu fara sanin wace ce ƙaguwa, domin ba a neman kakannin wanda ba a san sunan gidansu ba.

Malamanmu na zaure sun riga kowa ba ta matsayi a wannan ƙasa, amma ta fuskar hukunci. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ake karantarwa daga Gwandu har Sakkwato tun kafin jihadi, an kasa dabbobi zuwa na tudu da na ruwa, aka ce na ruwa halal ne, mushensa kuma mai tsarki ne ko da yana iya daɗewa a tudu da ransa, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu, masu sharhi kuma suka kawo misalin kwaɗo da kififfiya da makamantansu, ƙaguwa ta shiga cikinsu. Hanafawa kuwa ba su halatta komai daga ruwa ba sai kifi. Wannan rabe-rabe ya wadatar ga abin da aka yi shi dominsa, wato sanin abin da za a ci da abin da ke ɓata ruwan alwala. Tambayarsa ita ce ina dabba take zaune. Masu ilmin dabbobi kuwa wata tambaya daban suke yi, ta nasaba: wa ya fi kusa da wa, kuma ta wace alama za a gane.

Hanyar da suke bi ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta Sullamu na Ahlari a fannin manɗiƙi, inda ake koyon cewa kowane abu ana iyakance shi da jinsinsa, wanda ya haɗa shi da wasu, da kuma fasalinsa, wanda ya raba shi da su, har a kai ga nau'i. Abin da Linnaeus, mutumin Suwidin, ya yi a bugu na goma na littafinsa na tsarin halittu a 1758 shi ne ya mayar da wannan ƙa'ida suna: kowace dabba ya ba ta kalma biyu na Latin, ta farko ta jinsi, ta biyu ta nau'i. Sai dai a wancan lokaci ya tattara kusan dukkan ƙaguwoyi da jatan lande da 'yan'uwansu ya zuba a jinsi guda mai suna Cancer, abin da ya bar wa na bayansa aikin shekara ɗari biyu da hamsin na rarrabewa. A yau ana lissafa kimanin nau'i 7,000 na ƙaguwa ta haƙiƙa, dukkansu masu ƙafa goma, biyu na gaba sun zama hannuwan kamu, wutsiyarsu kuma ta naɗe ta manne a ƙarƙashin ƙirji. Daga cikinsu fiye da 1,300 ne suka yanke hulɗa da teku baki ɗaya suka zauna a ruwan daɗi.

Bari mu ɗauki jinsi guda na bakin teku mu ga yadda aikin yake tafiya, domin a kansa aka fi yin nazari. Koriyar ƙaguwar da ke yawo tsakanin duwatsun gaɓar Turai, daga Norwe har gangarowa Muritaniya, Linnaeus ya kira ta Cancer maenas. A 1814 wani Baturen Ingila mai suna Leach ya ga ta bambanta da sauran har ta cancanci jinsinta, ya raɗa masa Carcinus. Faɗin ƙwaryar bayanta ba ya cika wuce santimita tara, tana da haƙora biyar a kowane gefe bayan ido, da tudu uku tsakanin idanun biyu. A Bahar Rum kuma akwai wata mai kama da ita ƙwarai, wadda Nardo ya sa wa suna aestuarii a 1847, masana suka daɗe suna saɓani, wasu na cewa nau'i ɗaya ne da ya ɗan sauya kama, wasu na cewa biyu ne. Abin da ya fi raba su ga mai dubawa da ido yana ɓoye ne ƙarƙashin wutsiyar namiji, inda akwai wasu 'yan tsinkaye biyu da yake barbara da su: na ta Bahar Rum a miƙe suke suna jere da juna, na ɗayar kuwa a lanƙwashe. Da aka zo aka gwada ƙwayoyin gadonsu a 2004, sai binciken ya goyi bayan masu cewa nau'i biyu ne, aka kuma ƙiyasta cewa sun rabu tun shekara miliyan biyar zuwa takwas da suka wuce.  

Abin riƙewa a nan shi ne wannan ɗan tsinke na namiji, domin a kansa aka gina nasabar ƙaguwoyinmu na fadama. Launi ba ya isa hujja, don yana sauyawa da ruwa da shekaru; girma ba ya isa, don ƙaramar wani nau'i tana kama da babbar wani; ko siffar ƙwarya ma takan yaudari mai dubawa, don halittu biyu da ba su haɗa gida ba sukan yi kama idan sun zauna a muhalli iri ɗaya. Tsinken barbara kuwa kowane nau'i da irin nasa, wani mai lanƙwasa waje, wani mai tsagi, wani mai faɗi a tsakiya. Bajamushe Richard Bott, na gidan adana halittu na Senckenberg a Farankfot, shi ne ya ɗora rabe-raben ƙaguwoyin ruwan daɗi na Afirka a kan wannan gaɓa cikin babban aikinsa na 1955, kuma a nan ya kafa jinsin Sudanonautes, wanda mafi yawan ƙaguwoyin Nijeriya suke cikinsa. Daga waɗanda aka rubuta a yankin dajin arewa akwai Sudanonautes monodi da Sudanonautes floweri. A cikin Kwara kanta kuma, wadda Gulbin Kabi ke zuba mata ruwa, akwai wata ƙarama mai suna ecorssei da aka fara bayyanawa a 1902 daga wajen Tambutu, wadda ta daɗe cikin jinsin Potamonautes kafin a 2022 a fitar da ita zuwa sabon jinsi tare da 'yan'uwanta na Afirka ta Yamma. Wanda duk ya kama ƙaguwa a fadamar Gwadangaji yana son ya kira ta da ɗaya daga waɗannan sunaye, ba shi da wata hanya sai ya sami namiji baligi, ya kifar da shi, ya ɗaga wutsiyar ya duba da madubin ƙara girma.

Bambancin da ke tsakanin ta teku da ta fadama ya fi zurfi a wajen haihuwa. Macen maenas takan ɗauki ƙwai har 185,000 a lokaci guda, ƙanana ƙwarai, su ƙyanƙyashe su zama wasu 'yan halittu masu iyo da ba su kama da uwarsu ko kaɗan, igiyar ruwa ta kwashe su makonni tana yawo da su, su yi ta saɓa suna sauya siffa kafin su sauka ƙasa su zama ƙaguwa. Tamu kuwa ƙwanta manya ne, ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, duk waɗancan matakai a cikin ƙwan ake gama su, ɗa ya fito da cikakkiyar siffar uwarsa, ita kuma ta ci gaba da riƙe shi ƙarƙashin faffaɗar wutsiyarta har ya yi ƙwari. Hikimar wannan a bayyane take ga mazaunin gulbi, domin da 'ya'yanta masu iyo ne da ruwa ya tafi da su Yawuri ya wuce. Sakamakonsa kuma shi ne ƙaguwar ruwan daɗi ba ta yin nisa da inda aka haife ta, shi ya sa kusan kowane tsauni da kowane rafi na Afirka yake iya samun nau'insa na kansa, kamar wanda aka samu a tsaunukan Kagoro aka bayyana a 1991.

Mai bayyana wancan na Kagoro shi ne Neil Cumberlidge, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano a shekarun 1980, ya kuma wallafa cikakken littafi kan ƙaguwoyin ruwan daɗi na Afirka ta Yamma a 1999. Cikin abin da ya yi nazari a kai har da numfashin monodi, wadda ke rayuwa inda ruwa ke ƙafewa wata shida ko fiye: ɗakunan da ke gefe biyu na ƙwaryarta sun kumbura, ƙasansu na ɗauke da mashaƙar ruwa irin ta sauran 'yan'uwanta, samansu kuma yana shaƙar iska kai tsaye, don haka idan rani ya tsananta sai ta nutsa cikin rami mai laima ta jira damina. Ni dai ban san wata halitta ƙarama da ta fi wannan dacewa da ƙasarmu ba, mai rabin shekara ruwa rabin shekara ƙura.

Kada wani ya ce wannan tantance sunaye aikin marasa abin yi ne. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, likitoci a kudu maso gabashin Nijeriya sun yi ta ganin mutane masu tari da jini kamar na tarin fuka, alhali ba shi ba ne. Wata tsutsa ce mai zama a huhu, wadda ke shiga jikin mutum idan ya ci ƙaguwar rafi da ba ta dahu ba, yunwar yaƙi kuwa ta sa mutane sun ci da yawa. Sanin wane nau'i ne ke ɗauke da tsutsar, da inda yake zaune, shi ya ba da damar faɗa wa jama'a abin da za su kiyaye.

To, yanzu mu koma ga duwatsu. Tunanin cewa tudu yana iya zama tsohon gindin teku ba daga Turai ya fara zo mana ba. Abu Raihan Albairuni, cikin littafinsa na iyakance wurare da ya kammala a 1025, ya kafa hujja da abin da masu haƙa rijiya ke tonowa a hamadar Larabawa, na duwatsun da idan an fasa su ake samun ƙwanson halittun ruwa a ciki, ya yanke cewa wurin teku ne a dā. Ibnu Sina ma a cikin Asshifa ya yi bayanin yadda laka ke sandarewa ta zama dutse tare da abin da ya mutu a cikinta. Abin da na baya suka ƙara shi ne awon shekaru da jeranta shimfiɗu. Ƙasar Sakkwato da Kabi gefen kudu maso gabas ne na wani babban kwari da ya haɗa Adar da Tawa da Gawo, kuma shimfiɗun da suka cika shi suna kwance ɗaya bisa ɗaya kamar tabarmin da aka jibge aka ɗan karkatar da su zuwa arewa maso yamma, ta yadda matafiyin da ya taso daga Gusau ya nufi Argungu zai fara taka mafi tsufa, ya ƙare a kan mafi ƙuruciya.

A wajen Goronyo, a tuddan Taloka da Dukamaje da Gilbedi, akwai wata shimfiɗar laka mai falle-falle da jibsin a cikinta, wadda shekarunta suka kai kimanin miliyan 70. Daga irin waɗannan wurare aka kwashi ƙasusuwan da Swinton na gidan tarihin halittu na Landan ya bayyana a 1930, cikinsu har da wani ƙaton mai jan ciki na teku, mai filafilai maimakon ƙafafu, wanda danginsa na kusa a yau su ne irin su guza da macizai. Masana daga Jami'ar Fulorans ta Italiya sun dawo wurin, suka sami ƙoƙon kansa, a 1972 suka ba shi jinsi na kansa, Goronyosaurus. A 1975 kuma Halstead, wanda ya koyar a Jami'ar Ife, ya bayyana wani kada na teku daga wannan shimfiɗa ya kira shi Sokotosuchus. Bisa wannan akwai yashin Wurno, alamar teku ya ɗan ja da baya, sa'an nan lakar Dange mai haƙoran kifaye da dunƙulen fosfat, sa'an nan farin dutsen Kalambaina mai kimanin shekara miliyan 57, wanda yake cike maƙil da ƙwanson katantanwar teku da makankari da wata halitta mai ƙaya da za a iya kira bushiyar teku. Irin wannan bushiya ce Bather ya bayyana a Landan a 1904, shekara guda bayan Turawa sun ci Sakkwato, daga abin da masu shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa suka tsinto. Wannan dutse shi ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina tun 1967, don haka gidaje da yawa na Birnin Kebbi da ƙwanson halittun wancan teku aka ɗaure tubalinsu.

Teku ya zo ke nan, ba sau ɗaya ba. Shin akwai ƙaguwa a cikinsa? Akwai a cikin tekunan da suka ratsa wannan sashe na Afirka, kuma an same ta. A 1935 wasu masana biyu a Faransa, Joleaud da Hsu, suka bayyana ƙaguwoyi da 'yan'uwansu da suka zama dutse daga Tanut ta ƙasar Damargu, arewa da Damagaram, daga wani shigowar teku da ya girmi na Dukamaje, na wajen shekara miliyan 95, lokacin da ruwa ya taso daga arewa ya ratsa Sahara ya haɗu da na kwarin Binuwai. A 1924 Withers ya bayyana wasu daga Ameki a kudancin Nijeriya. Mafi shahara kuwa ita ce wadda Collins da Morris suka bayyana a 1975 daga duwatsun Nijeriya na ƙarshen zamanin manyan masu jan ciki, suka kafa mata jinsi mai suna Costacopluma: 'yar ƙarama ce, mai ƙwarya da tuddai uku suka gitta ta. Bayan haka aka yi ta samun 'yan jinsinta a Sanigal da Barazil da Meziko da Amurka da Indiya har Girinlan, aka kuma gane cewa ta tsallake babbar halakar da ta auku shekara miliyan 66 da suka wuce, wadda ta shafe Goronyosaurus da dukkan danginsa.

A nan ne amsar nan mai daɗi take tuntuɓe. Costacopluma 'yar wani gida ce da ake kira Retroplumidae, kuma wannan gida bai ƙare ba: 'ya'yansa suna nan da ransu a yau, amma a cikin laka mai zurfi ta gindin tekun Indiya da yammacin Fasifik, ba a gulbi ba, ba a fadama ba. Na Tanut su ma daga tsoffin gidajen teku suke, waɗanda ba a jingina ƙaguwar ruwan daɗi gare su. Wato ƙaguwoyin da duwatsu suka nuna mana sun zauna a tsoffin tekunanmu, zuriyarsu ko dai ta bi teku ta tafi ko ta ƙare, kuma babu ɗaya cikinsu da masana suka ɗauka kakar Sudanonautes ce. Babu shakka kakannin ta fadama daga teku suka fito, kamar dukkan ƙaguwoyin ruwan daɗi, waɗanda suka shigo tudu a lokuta daban-daban ta ƙofofi daban-daban; amma cewa daga wannan teku na Kalambaina ne, a wannan wuri, da'awa ce da ke bukatar shaida.

Shaidar kuwa tana da wuyar samu, saboda dalilai da ya kamata a fahimta. Ƙwaryar ƙaguwa ba dunƙulalliya ba ce kamar ta katantanwa. Faranti-faranti ne da fata mai laushi ta haɗa, idan dabbar ta mutu fatar ta ruɓe cikin 'yan kwanaki sai komai ya watse, shi ya sa mafi yawan abin da ake tsinta 'yan yatsun hannun kamu ne, don su suka fi tauri. Bakin teku, inda irin su Carcinus ke zaune, wuri ne da raƙuman ruwa ke niƙa kome dare da rana, don haka ƙaguwoyin gaɓa, duk da yawansu da rai, kaɗan ne ƙwarai a cikin dutse idan aka gwada da masu binne kansu a laka mai natsuwa irin Costacopluma. Gulbi ya fi muni, domin ruwansa yana narkar da sinadarin farar ƙasa da ke ƙarfafa ƙwarya, ambaliya kuma tana tone abin da bara ta binne. Sa'an nan ga babbar matsala: shi mai nazarin masu rai da tsinken barbara da ƙwayoyin gado yake hukunci, su kuwa waɗannan kusan ba sa wanzuwa a dutse, shi kuma mai nazarin duwatsu ƙwaryar baya kaɗai yake da ita, wadda muka riga muka ce tana yaudara. Shaidu biyu ne adilai, amma kowanne wani sashe na jikin ya gani, alƙali kuwa yana son su haɗu a kan abu guda.

Masu ilmin hadisi suna da suna ga ruwayar da wani mai ruwaya ya faɗi daga tsakiyar isnadinta, suna ce mata munƙaɗi'a, ba sa ƙaryata ta kai tsaye, ba sa kuma gina hukunci a kanta sai an sami mai ƙarfafa ta. Isnadin ƙaguwar fadama irin wannan ne. Tekun ya bar ƙasar Sakkwato barin ƙarshe fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce. Mafi tsufan ƙaguwar ruwan daɗi da aka tono a Afirka kuwa ita ce Tanzanonautes, wadda Feldmann da abokan aikinsa suka bayyana a 2007 daga kwarin Rukwa na Tanzaniya, mai kimanin shekara miliyan 25, sai wasu na bayanta daga Kenya. Tsakanin janyewar tekunmu da wannan shaida ta farko akwai shekara miliyan 25 ko fiye, tsakanin Rukwa da Rima kuma akwai faɗin nahiya.

Abin da ya cike wancan zamani a ƙasarmu shi ne shimfiɗar da Gwadangaji kanta take zaune a kai, wadda masana suka sa wa sunan Gwandu: jan yumɓu da rawaya da yashi, da marmara a bisa, wadda ita ta ba tuddan da ke kewaye da Birnin Kebbi kawunansu masu faɗi. Koguna da tafkuna ne suka zuba ta bayan teku ya tafi, abin da ake samu a cikinta burbushin itace ne da ganye, ba halittun gishiri ba. Yashinta ne ke riƙe da ruwan da ya riƙa bulbulowa da kansa daga rijiyoyin burtsatse da aka haƙa a kwarin nan a shekarun 1960, waɗanda Anderson da Ogilbee suka rubuta rahotonsu a 1973. Idan akwai inda za a sami kakar ƙaguwarmu a wannan ƙasa, to a cikin lakar tsoffin tafkunan wannan shimfiɗa ne, ba a farin dutsen da ke ƙarƙashinta ba. Abin da hankali ya fi karkata gare shi, bisa yadda 'yan jinsin Sudanonautes suka fi yawa da bambanta a dazuzzukan Kamaru da kudu maso gabashin Nijeriya suna raguwa yayin da ake yin arewa, shi ne cewa tamu ta biyo hanyoyin ruwan daɗi ne ta hauro, daga rafi zuwa rafi, bayan Kwara da rassanta sun kama hanyoyinsu.

Abin da ke damuna shi ne kusan kowane suna da na ambata a wannan babi na baƙo ne, in ka ɗebe irin su Farfesa Cornelius Kogbe, wanda ya yi shekaru yana bin shimfiɗun Sakkwato a shekarun 1970 ya kuma tsara babban littafin duwatsun Nijeriya na 1976. Ƙasusuwan Goronyo kuma sai a tafi Landan ko Fulorans kafin a gan su. Alhali yanzu akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tun 1975, akwai ta Aliero, akwai ta Tarayya a Birnin Kebbi tun 2013, ga gidan tarihi na Kanta a Argungu da zai iya ware ɗaki guda ga tarihin ƙasa kafin mutane. Aikin kuma ba mai tsada ba ne. Ɗalibi ya roƙi Sarkin Ruwa ya sa masunta su riƙa ajiye masa abin da homa da gura suka kamo maimakon jefarwa, ya zaɓi maza baligai da mata masu ƙwai, ya sa a kwalba cikin sifirit, ya rubuta da fensir a 'yar takarda sunan wurin da kwanan wata da ko daga cikin gulbi aka kama ko daga rami, ya jefa takardar cikin kwalbar tare da dabbar. Wanda ya nufi duwatsu kuma ya nemi izinin masu haƙar Kalambaina da masu tonon jibsin da fosfat a wajen Dange, ya riƙa fasa dunƙulallun duwatsun da ke cikin laka, domin a irinsu ne aka fi samun ƙaguwa da ƙwaryarta da ƙafafunta a haɗe, ya kuma auna da awo a wace shimfiɗa ya ciro kowanne, da nisanta daga saman rami, kafin ya sa a jaka.